Zugazugin Motar Da Ba Ta Shan Fetur

Da sunan Allah, wanda ya hore wa bayinsa iska.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a Jega ya san ƙarfe ba ya yin ja sai da zugazugi. Kome kyaun gawayi, in yaro ya bar zuga sai wuta ta mutu. To, haka al'amarin yake ga wata irin mota da ba ta shan fetur, kamar Mirai, wadda kamfanin Toyota na Japan ya fitar a 2014.

Abincinta wata iska ce marar nauyi, sunanta haidurojin. Akan gama ta da oksijin cikin wani akwati, sai su haifi lantarkin da ke juya ƙafafu. Abin da ke fita ta baya kuwa ruwa ne. Wani Baturen Birtaniya, William Grove, ya nuna asalin wannan hikima tun 1839. Amma oksijin kashi 21 ne kawai cikin 100 na iskar da ake shaƙa, saboda haka tilas a sa inji ya zuƙo iska, ya matsa ta, ya cusa. Ɗan'uwan injin buga taya ne na masu faci a bakin hanyar Maiyama, sai dai wani irinsa yakan juya fiye da sau 100,000 a minti guda.

Wannan ɗan zuga yana da sharuɗɗa uku. Na farko, daga lantarkin motar yake ci, in ya cika ci tafiya ta gajarta. Na biyu, kada mai ya bi iskarsa, domin yana ɓata ƙarfen filatinam mai tsada da ke cikin akwatin. Na uku, ba ya shiri da ƙura, alhali kowa ya san hazon hunturu a ƙasar Kabi.

Motar ba ta zama abin hawanmu ba tukuna. Amma tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mai kai albasar Aliero kasuwa ya san zafin kuɗin mota. Ya kamata ɗaliban jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero a 2006 su duƙufa ga binciken matatar iska mai jure ƙurarmu, kada ranar da motar ta iso ta tarad da mu hannu rabbana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.