Kafin a Dasa Ƙoda: Yadda Ake Auna Ko Jiki Zai Karɓi Baƙuwa

Sau da yawa idan likita ya shaida wa dangi cewa ƙodojin ɗan'uwansu sun daina aiki, akan sami masu rige-rigen ba da tasu. Uwa ta ce a cire tata, wa ya ce shi ya fi ƙarfi, matar aure ta ce ita ta fi cancanta. Wannan hali ba baƙo ba ne a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda zumunci yake da ƙarfi. Sai dai kuma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatarwa, domin jikin majiyyaci yana da nasa hukuncin. Yana iya karɓar ƙodar da aka dasa masa ta yi shekaru tana aiki, yana kuma iya kashe ta kafin a gama ɗinke ciki. Saboda haka ne likitoci suke gudanar da wasu gwaje-gwajen jini kafin aiki, don su hango wanne daga cikin biyun zai faru.

Dalilin yin dashe

Ƙodojin mutum biyu suna tace jini kimanin lita 180 na ruwa a kowace rana, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Hawan jini da ciwon suga da kumburin matatan ƙoda suna cikin manyan abubuwan da ke lalata su. Idan suka mutu ɗungurungum, hanya biyu ce ta rage: wankin ƙoda da na'ura, wanda ake so a yi sau uku a mako, ko kuma dashe. Ga mutumin Zurmi ko Shinkafi, wanki yana nufin doguwar tafiya zuwa babban asibiti a birni mako bayan mako, ga tsadar kuɗi. Dashe kuwa, idan ya yi kyau, yana mayar da mutum gonarsa ko kasuwarsa.

An fara dashen ƙoda a Nijeriya a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2010, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya bi sahu a 2025. Ke nan aikin ya matso kusa da mutanen Zamfara, kuma sanin ƙa'idojinsa ya zama abin buƙata.

Shaidar da kowane jiki yake ɗauke da ita

A zamanin da, ana gane Bagobiri ko Bazamfare ta tsagar fuskarsa tun kafin ya buɗe baki. Haka ƙwayoyin jikin ɗan Adam suke: kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da wata shaida a bayanta, wadda masana suka taƙaita sunanta da haruffa uku, HLA. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, suna zagayawa suna duba wannan shaida. Abin da suka ga yana ɗauke da shaidar gida sai su ƙyale shi, wanda suka ga da baƙuwar shaida kuwa sai su far masa. Da wannan dabara ce jiki yake yaƙar cututtuka, amma dakarun ba sa bambanta ƙwayar cuta da ƙodar da aka kawo don ceton rai.

Likita Joseph Murray ya kauce wa wannan matsala ne a dashen farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka a watan Disamba na 1954, domin tsakanin tagwaye masu kama ɗaya ya yi shi, kuma shaidarsu iri ɗaya ce. Wanda aka dasa wa ya ƙara shekara takwas a duniya. A 1958 wani masani Bafaranshe, Jean Dausset, ya bayyana ta farko daga cikin waɗannan shaidu, abin da ya sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 1980.

Gwaji na farko: rukunin jini

Ana farawa da rukunin jini, watau A da B da AB da O, waɗanda asalin gano su aikin Karl Landsteiner ne a 1901. Ƙa'idar daidai take da ta ƙarin jini. Mai rukunin O yana iya bai wa kowa, amma daga O kaɗai yake karɓa. Mai AB yana karɓa daga kowa. A yau wasu manyan cibiyoyi suna iya tsallake wannan shinge ta hanyar wanke jinin majiyyaci da ba shi magunguna na musamman, amma da tsada da ƙarin haɗari.

Gwaji na biyu: kwatanta shaida

Umarnin yin HLA yana kan zaren gado na 6, kuma mutum yakan gaje shi ne a ƙunshi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. An fi duba wurare uku, A da B da DR, kowanne da kwafi biyu, jimla shida. Gwargwadon yawan waɗanda suka dace, gwargwadon daɗewar da ake sa ran ƙodar za ta yi.

Ga wani lissafi da ɗalibi zai iya yi da kansa. A kira ƙunshin uba 1 da 2, na uwa kuma 3 da 4. Kowane ɗa zai fito da ɗaya daga cikin haɗi huɗu: 1 da 3, 1 da 4, 2 da 3, ko 2 da 4. Saboda haka tsakanin shaƙiƙai biyu, damar dacewa baki ɗaya kashi 25 ce cikin 100, damar dacewa da rabi kashi 50, damar rashin dacewa sam kashi 25. Uwa ko uba kuwa kullum suna tarayya da ɗansu a ƙunshi ɗaya. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, 'yan uba suna da damar kashi 50 ta yin tarayya a ƙunshin uba, amma ba za su dace baki ɗaya ba sai idan iyayensu mata ma suna da ƙunshi iri ɗaya, abin da auren zumunci kan iya kawowa. Wannan ya nuna cewa kusancin jini yana ƙara dama, amma gwaji ne kaɗai yake tabbatarwa.

Gwaji na uku: neman tsohuwar gaba

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Idan jiki ya taɓa haɗuwa da baƙuwar shaida, yakan ƙera wasu sinadarai masu kama da kibau, waɗanda aka saita su a kan wannan shaidar, ya kuma riƙe ta a ƙwaƙwalwarsa shekara da shekaru. Hanyoyi uku ne suke jawo haka: ƙarin jini, juna biyu, da dashen da aka taɓa yi a baya. Tun a 1958 Jon van Rood a ƙasar Holan da Rose Payne a Amurka suka gano irin waɗannan kibau a jinin matan da suka haihu, domin rabin shaidar ɗan tayi ta ubansa ce.

Alal misali, a ɗauka wata mata ce a Ƙaura Namoda da ta haihu sau takwas, aka kuma yi mata ƙarin jini a haihuwa biyu. Idan ƙodarta ta mutu, mijinta ko ɗanta na iya zama mafi haɗari gare ta, saboda mai yiwuwa jikinta ya daɗe da tanadin kibau a kan shaidar mijin. Haka nan mai ciwon sikila da aka sha yi wa ƙarin jini. Amma idan mijin ne majiyyaci, matarsa tana iya ba shi, kuma binciken da Paul Terasaki da abokan aikinsa suka buga a 1995 ya nuna cewa ƙodar da ma'aurata suke ba juna tana daɗewa ƙwarai, ko da shaidarsu ba ta dace sosai ba.

Yadda ake gwajin shi ne a ɗebi ruwan jinin majiyyaci a haɗa da fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa, a ƙara wani sinadari daga jinin zomo da ɗan rini, a duba da madubin likita. Idan ƙwayoyin suka mutu suka sha rini, to akwai kibau. A 1969 Ramon Patel da Terasaki suka nuna ƙimar wannan gwaji: cikin dashe 30 da gwajin ya nuna akwai gaba, 24 sun lalace nan take, alhali cikin 195 da bai nuna gaba ba, 8 kawai suka lalace haka. Daga nan ya zama wajibi kafin kowane dashe. A yau akwai na'urori masu amfani da hasken leza da wasu ƙananan duwatsu da aka liƙa wa shaidu iri-iri, waɗanda suke faɗin ainihin shaidar da kibau suke nema da kuma ƙarfinsu.

Bayan gwaji ya yi kyau

Dacewar gwaji tana kawar da ƙin da kan faru cikin mintuna ko awoyi, amma ba ta kawar da wanda kan zo bayan makonni ko shekaru. Don haka wanda aka dasa wa zai riƙa shan magungunan kwantar da garkuwa, irin su siklosporin da takrolimus, muddin ƙodar tana jikinsa. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare, yana iya rasa ta. Shi ma mai bayarwa ana bincika lafiyar ƙodojinsa, da hawan jini, da suga, da ciwon hanta, da ƙanjamau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta sayar da sassan jiki.

Kammalawa

Akwai abin da kowane gida zai iya yi tun yanzu. A adana takardar duk wani ƙarin jini da aka yi wa mutum. Mace ta faɗa wa likita adadin cikin da ta taɓa ɗauka, har da waɗanda suka zube. Mai ciwon ƙoda da ke sa ran dashe ya tattauna da likitansa kan allurar ƙara jini da sinadarin ƙarfe, don rage buƙatar ƙarin jini, amma kada ya ƙi ƙarin idan rai ya dogara a kansa. Daga ƙarshe, wanda gwaji ya nuna bai dace ba kada ya ɗauka an raina kyautarsa. An hana shi ne asarar ƙodarsa a banza, an kuma tsare ɗan'uwansa daga aikin da zai ƙara masa ciwo.