INA ZA A KAI YARO? YADDA NISA KE YANKE WA HAUSAWAN KETU DA AGEGE ZAƁIN MAKARANTA

A kowace shekara, da zarar watan Satumba ya gabato, magidantan Hausawa mazauna Ketu da Mil 12 da Agege a birnin Ikko sukan shiga wata shawara wadda ba ta da alaka da farashin kwandon tumatir ko buhun albasa. Shawarar kuwa ita ce: wace makarantar firamare za a sa yaron da ya cika shekara 6? Ga wanda ke zaune a wani ƙaramin gari a Arewa, wannan ba abin dogon tunani ba ne, domin makarantar na nan bayan gidan hakimi, kowa ya san ta. Amma a Ikko, inda titi guda ke iya raba unguwa gida biyu kamar kogi, amsar da magidanci ya bayar ita za ta nuna ko ɗansa zai kammala aji shida ko kuwa zai watsar da karatun a hanya.

Hausawa ba baƙi ba ne a waɗannan wurare. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro suka kafa zango a Agege, har ya zama a yau akwai iyalan da kakanninsu ma a nan aka haife su. A ɓangaren Ketu kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Kosofe, kasuwar Mil 12 ce ta tara jama'a, watau inda manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Kano da Sakkwato da sauran jihohin Arewa. Wanda ya zo cirani ya ga wuri ya karɓe shi, sai ya ɗauko iyali. In iyali suka zo kuwa, maganar makaranta ta taso ke nan.

Yadda Ake Yi A London

Kafin a duba halin da ake ciki a Ikko, yana da kyau mai karatu ya ji yadda wasu ƙasashe suka mai da wannan al'amari na nisa ya zama lissafi a rubuce. A Ingila, iyaye sukan cika takardar neman gurbi su miƙa wa hukumar yankinsu kafin ranar 15 ga Janairu, sa'an nan a ba su amsa a tsakiyar watan Afrilu. A birnin London ana barin mutum ya jera makarantu har 6, daga wadda ya fi so zuwa ta ƙarshe. Doka ta hana a zuba yara fiye da 30 a aji guda na ƙananan yara, saboda haka in masu nema suka fi gurabe yawa, dole a tace. Galibi akan fara da yaran da ke hannun hukuma, sa'an nan waɗanda ke da wa ko ya a makarantar, daga nan sai a koma ga nisa: wanda gidansa ya fi kusa shi ne a gaba.

Abin sha'awa shi ne, hukumomin kan buga nisan gidan yaro na ƙarshe da aka ɗauka a kowace makaranta a shekarar da ta wuce. Idan, a misali, makaranta ta tsaya a kan mita 400 bara da bara waccan, mutumin da ke zaune a nisan kilomita guda ya san kada ya dogara da ita kaɗai. Masu hankali daga cikinsu sukan dubi lissafin shekara uku ko fiye, domin adadin kan motsa: shekarar da ƙannen ɗalibai suka yi yawa sai da'irar ta tsuke, shekarar da haihuwa ta ragu sai ta buɗe. Haka kuma sukan tabbata sun sa aƙalla makaranta guda wadda suka san ba za ta ƙi su ba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi.

Gadon Jakande

A Ikko ma an taɓa ɗaukar kusancin gida da makaranta a matsayin manufar gwamnati. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara sun yi wa makarantu yawa ƙwarai. A Ikko sai da aka riƙa karatu kashi-kashi, wasu da safe, wasu da rana, har da na yamma, duk a cikin ɗakuna guda.

Marigayi Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamnan Jihar Legas daga Oktoba 1979 zuwa Disamba 1983, shi ne ya kawar da wannan tsari. Gwamnatinsa ta gina dubban azuzuwa cikin gaggawa a unguwanni, da nufin kowane yaro ya sami makaranta kusa da gidansu, ya tafi da safe kamar kowa. 'Yan adawa sun yi wa gine-ginen ba'a, suna kamanta su da akurkin kaji saboda sauƙin aikinsu, amma 'ya'yan talakawa da yawa ta nan suka sami ilmi. Gwamnatin ta kuma yi yunƙurin soke makarantun firamare masu zaman kansu a 1980, sai Babban Limamin Katolika na Ikko, Anthony Okogie, da waɗansu suka kai ƙara, kotu kuwa ta tabbatar da 'yancin masu zaman kansu na buɗe makarantu.

Tun daga lokacin jama'ar Ikko ta ninka, amma ginin makarantun gwamnati bai bi sawunta ba. An sake ƙaddamar da shirin ilmi na bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumba na 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, watau 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Duk da haka, giɓin da aka bari 'yan kasuwa ne suka cike shi.

Makarantar Bayan Gida

Wani malamin jami'a daga Ingila, Farfesa James Tooley, ya jagoranci bincike a unguwannin talakawa na ƙananan hukumomi uku na Legas, watau Badagry da Kosofe da Surulere, aka buga sakamakon a 2005. Binciken ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na 'yan makaranta a waɗannan unguwanni makarantun kuɗi suke zuwa, kuma da yawa daga cikin makarantun ba su da rajista da gwamnati. Wata ƙidaya da aka yi a faɗin jihar tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000, alhali na gwamnati ba su kai 2,000 ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa talaka ya bar ta kyauta ya tafi ta kuɗi? Dalilai suna da yawa, amma nisa na sahun gaba. Makarantar kuɗi tana cikin lungu, wani lokaci a ɗakuna huɗu na gidan haya, uwa na iya leƙawa daga ƙofar gida ta ga shigar ɗanta. Ta gwamnati kuwa, ko da tana da fili da ƙwararrun malamai, mai yiwuwa sai an tsallaka babban titi kafin a kai gare ta.

Nisa Ba A Taswira Yake Ba

A nan ne lissafin Ikko ya bambanta da na London. Can akasari da miƙaƙƙen layi ake auna nisa a taswira. A Ketu kuwa, makarantar da ke nisan mita 500 na iya fin wadda ke nisan kilomita guda wuyar zuwa, in har hanyar Ikorodu ce ta raba ta da gida. Wannan hanya mai layuka da yawa, wadda motocin BRT ke bi tun 2008, ba ta tsallakuwa ga yaro sai ta gadar sama, gadar kuma ba a ƙofar gidan kowa take ba. Mazauna Agiliti da sauran unguwannin da ke kwari kusa da kogin Ogun suna da wata damuwar daban, domin a ƙarshen damina, musamman in an saki ruwa daga madatsar Oyan, hanyoyi kan cika. A Agege kuma layin dogo ne ya ratsa tsakiyar gari, ga jirgin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021, ga na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024.

Bugu da ƙari, tun ranar 1 ga Satumba, 2022, Gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa dokar hana acaba zuwa Ƙaramar Hukumar Kosofe. Iyayen da a da ke ɗora yara biyu ko uku a bayan babur ɗin wani ɗan'uwa da suka amince da shi, dole suka koma ga Keke Napep ko ƙafa. A yi lissafi mai sauƙi: in a misali zuwa da dawowar yaro guda na cin naira 500 a rana, a mako ya zama 2,500, a zangon karatu na mako 12 ya zama 30,000. Mai yara uku zai kashe 90,000 a hanya kawai. Da haka ne makarantar kyauta mai nisa ke iya fin ta kuɗi mai kusa tsada.

Akwai kuma batun lokaci. Mai sana'a a kasuwar Mil 12 tun asuba yake fita taryen kaya, ba ya gida lokacin da yara ke shirin tafiya. Yaron Bahaushe kuma yawanci yana da Islamiyya ko makarantar allo da yamma. In dawowa daga boko na cin awa guda a cunkoson motoci, ɗayan karatun ne zai sha wuya. 'Ya'ya mata su suka fi shiga haɗarin wannan al'amari, domin uba na iya jure wa ɗa namiji doguwar tafiya, amma da zarar yarinya ta fara tasawa sai hankalinsa ya ƙi kwanciya, ƙarshenta a ce ta zauna a gida.

Abin Da Ya Kamata A Bincika

A Ikko magidanci da kansa yake zuwa wurin hedimasta neman gurbi, saboda haka darasin London yana da amfani gare shi ta wata fuskar: ya nemi labarin bara kafin ya yanke shawarar bana. Wannan labari yana bakin maƙwabta da limamin unguwa da iyayen da 'ya'yansu ke makarantar. Yara nawa ne daga layinsu suka shiga aji ɗaya shekara uku da suka wuce, nawa ne kuma har yanzu suke zuwa? Yaushe aji ɗaya ya cika bara? Kwana nawa ruwa ya tare hanya? Amsoshin waɗannan tambayoyi sun fi allon talla da aka kafa a bakin titi faɗin gaskiya.

Na biyu, ya kama hannun yaron su taka hanyar tare da ƙarfe bakwai na safe a ranar aiki, ba ranar Lahadi da titi ke fayau ba, ya auna tafiyar da ƙafar yaro, ba da tasa ba. Na uku, ya shiga aji ya ƙirga kawuna. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami guda ga yara 35 a firamare. Inda aka ninka haka, ƙaramin yaron da bai iya Turanci ko Yarbanci ba shi ake fara mantawa a bayan aji. Na huɗu, in ta kuɗi ce, ya nemi ganin takardar amincewar gwamnati, ya kuma tambaya ko ginin na haya ne, domin makarantar da mai gida zai iya tasa a tsakiyar shekara ba abin dogaro ba ce. Na biyar, ya riƙe makaranta ta biyu a zuciyarsa, ya kuma tanadi takardar haihuwar yaron tun da wuri.

Wasu abubuwa biyu da kan sa iyaye ɗari-ɗari da makarantun gwamnati sun cancanci bayani. Game da hijabi, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai Musulmi mata na da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Game da harshe kuwa, dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, na gwamnati da na kuɗi baki ɗaya. Wannan ba hasara ba ce ga yaron da zai tashi ya yi ciniki ko aiki a Ikko. Riba ce, muddin ana yi masa Hausa a gida.

Aikin bai tsaya a kan iyaye kaɗai ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai suna iya tattara sunayen yaran da suka isa shiga makaranta a kowane layi, su shirya babban da zai raka su tsallaka titi rukuni-rukuni, su kuma kai kukan unguwannin da ba su da makaranta kusa gaban Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jihar da ƙaramar hukuma. Ita ma hukumar, in da za ta riƙa bayyana yawan gurabe da yawan masu nema a kowace makaranta a kowace shekara, da iyaye sun daina zaɓe cikin duhu, ita kuma ta ga inda ake bukatar sabbin azuzuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar da ta fi kowace kyau ga yaro ɗan shekara 6 ita ce wadda zai iya isa cikinta lafiya kowace safiya, rani da damina, har shekara shida, ya kuma tarar da malami a aji. Allah ya raya zuri'a, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ke kansu.