Karatun Aikin Lafiya a Jami'a da Harshen Majiyyaci

Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe yana da masu kula da lafiyarsa, wato wanzami da ungozoma da maɗori da mai maganin gargajiya. Kowannensu gadon sana'ar yake yi, kuma da harshen da ya koye ta yake yi wa majiyyaci magana. A yau koyon aikin lafiya ya koma jami'a, inda ake karantarwa da Ingilishi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda karatun yake, sa'an nan ta nuna giɓin da ke tsakanin harshen aji da harshen gadon asibiti.

Taƙaitaccen Tarihi

An buɗe makarantar koyon aikin likita ta Yaba a Ikko a 1930. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 sai karatun ya koma can, aka kuma buɗe asibitin koyarwarta a 1957. Likitan farko daga Arewa, Dakta R.A.B. Dikko, sai da ya je Birmingham ta ƙasar Ingila kafin ya sami wannan ilmi. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ta fara koyar da likitanci a 1967. Daga baya jami'o'in Maiduguri da Sakkwato da Kano suka bi sahu.

Tsarin Karatun

Ɗalibin da ke son shiga sai ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, wato Ingilishi da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, kana ya ci jarrabawar JAMB. Karatun likita shekara 6 ne. A shekarar farko ana ƙarfafa harsashin kimiyya. Daga nan ɗalibi zai nazarci ƙirar jikin ɗan Adam da yadda sassansa suke aiki da sinadaran da ke cikinsa. Shekarun ƙarshe kuwa a asibitin koyarwa ake yin su, ana zagayawa sashen yara da na mata da haihuwa da na tiyata da na cututtukan manya. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakkiyar rajista.

Ba likita kaɗai jami'a take yayewa ba. Akwai digirin jinya, da na harhaɗa magunguna, da na gwaje-gwajen jini da fitsari, da na ɗaukar hoton cikin jiki, da na gashi da motsa gaɓoɓi. Kowanne yana cin shekara 5 ko 6, kuma aikin wani ba ya kammala sai da na ɗan'uwansa.

Matsalar Harshe

Matakin farko na gano cuta shi ne sauraron bayanin majiyyaci. A nan ne ɗalibin da ya sha karatu da Ingilishi yake karo da kalmomin da ba su yi daidai da na littafinsa ba. Alal misali, idan majiyyaci ya ce sanyi ne yake damunsa, yana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura wadda kunya ta hana shi ambata. Basir a littafi kumburin jijiyoyin dubura ne, amma a bakin jama'a ya haɗa da bushewar ciki da ciwon baya da raunin namiji. Haka nan shawara, wadda idanu suke yin rawaya, alama ce kurum. Tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, kuma maganin kowanne daban ne.

Idan ma'aikaci ba ya jin Hausa akan nemi tafinta daga cikin dangi. To, mace ba za ta faɗi matsalar jinin al'ada ko yoyon fitsari a gaban ɗanta ko surukinta ba, sai ta kewaya, bayanin ya tafi a gurgunce. Bugu da ƙari, umurnin shan magani sau uku a rana yana nufin bayan kowace awa 8. Wanda ya san rayuwar mutanensa zai ce a sha da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya bayan isha'i, majiyyaci ya riƙe ba tare da agogo ba.

Kammalawa

Wannan giɓi aiki ne da ya rataya a wuyan sassan Hausa da tsangayoyin lafiya baki ɗaya. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattaro sunayen cututtuka daga bakin ungozomomi da wanzamai na kowane kari, malaman lafiya su tantance abin da kowace kalma take iya nufi. Daga nan sai a tsara ƙamus da ɗan gajeren kwas, a koyar da ɗalibi kafin ranar da zai fara tsayawa a gaban gado ya tambayi majiyyaci abin da yake damunsa.