Ranar Masu Ciwon Hanta a Wani Asibitin Jos

A ɗaya daga cikin manyan asibitocin Jos, ranar ganin masu ciwon hanta takan fara tun hazon safiya bai washe ba, lokacin da benci ke cika da mutanen Gangare da Anguwar Rogo da Bukuru, da waɗanda suka yi sammako daga Shendam ko Langtang. Wasunsu garau suke, gwaji ne kawai ya nuna suna ɗauke da ƙwayar cutar sa'ad da suka je ba da jini ko awon ciki ko gwajin kafin aure, wasu kuwa riƙo su aka yi, shawara ta rina musu idanu, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura. Aikin sashen ya rataya ne a kan sanin abin da ke kai mutum daga hali na farko zuwa na biyu, alhali wani yakan tsufa da ƙwayar ba ta kwantar da shi ba.

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar hepatitis B, kashi 1.1 kuma na ɗauke da nau'in C. Idan ƙwayar ta zauna a jiki, garkuwar jiki takan yi ta faɗa da ita a cikin hanta, kowane rauni ya warke ya bar tabo, har tabon ya yi yawa hanta ta taurare ta ƙanƙance, daga nan kuma ƙofar sankara ta buɗe. Wanda ya kamu da nau'in B yana jariri, kusan kashi 90 cikin ɗari ƙwayar zama take yi, babba kuwa bai kai kashi 5 ba, kuma da yake sai a 2004 rigakafinta ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya, magidanta da dama sun shafe shekara talatin ko arba'in da ita ba su sani ba. Namiji ya fi mace haɗari, haka wanda ƙwayar ta yi yawa a jininsa, da wanda wani nasa ya rasu da sankarar hanta.

Abin da ya fi ɗaukar lokacin likita shi ne abin da mara lafiya ke ci da sha. Giya tana gaggauta taurin hanta, kuma a Filato, ban da ta kwalba, akwai burukutu da ake dafawa da dawa, da goskolo, barasar nan mai ƙarfi da ta addabi samarin unguwanni, kuma mutum bai cika faɗin gaskiyar abin da yake sha ba matuƙar matarsa ko ɗan'uwansa na tsaye a gefe. Wanda bai taɓa kusantar giya ba ma bai tsira ba, domin masara da gyaɗar da aka zuba a buhu ko rumbu ba su gama bushewa ba sukan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoxin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma idan ta haɗu da ƙwayar B haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa. Abin takaicin shi ne hatsi mai kyau kasuwa yake tafiya, na baya-bayan da aka tsince shi ke zama tuwon gida da ƙuli-ƙuli. Sai kuma jiƙe-jiƙen maganin shawara, wanda akasari shi ake fara sha kafin a zo asibiti, ba a san ƙarfinsa ko abin da aka haɗa a ciki ba, hantar da ta riga ta jigata ce kuma za ta tace shi. Ƙiba da ciwon suga su ma suna tara kitse a hanta, su ƙara mata nauyi.

Cutar ƙanjamau tana hanzarta lalacewar hanta, sai dai a nan akwai rashin daidaito da ya kamata ya dami hukuma: mai ƙanjamau yana karɓar tenofovir kyauta a cikin haɗin maganinsa, kuma wannan magani shi ne ke danne ƙwayar B, amma mai ciwon hanta kaɗai yawanci da kuɗinsa yake saye, ga kuɗin awon yawan ƙwaya a jini, ga na hoton ciki da ake so mai haɗari ya yi duk wata shida. Nau'in C yana warkewa da maganin mako 12 a sama da kashi 95 cikin ɗari na masu sha, na B kuwa sha ne na shekaru, kuma yanke shi ba tare da izinin likita ba kan sa ƙwayar ta taso da ƙarfi. Saboda haka ma'aikatan jinya sukan fi tsayawa a kan mai cewa shi ba ya jin komai, domin shi ne ya fi saurin daina zuwa, su roƙe shi ya kawo iyalinsa a gwada su, su kuma jaddada wa mai juna biyu cewa a yi wa jaririnta allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.