Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi? Ga Abin Da Za Ku Duba

Ƙungiyoyin ikkilisiya da suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban ruwa sun san wahalar da ake sha idan ya tsaya ana tsakiyar noman rani. Bakanike yana can gari, tumatir da albasa kuwa ba sa jira. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana gyaran da kowa zai iya yi da hannunsa. Muna magana ne a kan ƙaramin injin fetur irin Honda GX160 da masu kama da shi.

Ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya

1. Baƙin mai. Yawancinsu suna da na'urar da ke yanke wuta in mai ya yi ƙasa. Ku ajiye injin a wuri mai daidai ku duba. Yana cin wajen lita 0.6. Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20, daga nan kuma duk awa 100.

2. Fetur. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin kafireta. Ku rufe famfon mai, ku kwance ɗan sukurun da ke ƙasa ku tsiyaye. In ƙofar jet ta toshe, a wanke a hura. Kada a sa allura, domin tana faɗaɗa ramin.

3. Fulogi. Ku cire shi, ku mayar masa da hularsa, ku jingina shi da ƙarfen injin nesa da fetur, sannan ku ja igiya. Ya kamata ku ga tartsatsi shuɗi. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

4. Matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta. Ta soso a wanke da sabulu, ta bushe, a shafa mai kaɗan. Ta takarda a kakkaɓe kawai.

Abin da hayaƙi ke faɗa

Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa: ku duba cok da matata. Hayaƙi shuɗi kuwa, tare da shan baƙin mai da rashin ƙarfi, alama ce zobban fistin sun cinye. A nan ne ake buɗe inji.

In za a buɗe shi

Karo na fari ku yi tare da bakanike, ku sa ido sosai. Ku shimfiɗa zane mai tsabta, ku jera kowane ƙarfe yadda ya fito. Ku lura da inda alamar kan fistin take fuskanta kafin ku zare shi. Wajen sa sababbin zobba, kada tsagoginsu su zo layi ɗaya, in ba haka ba iska za ta riƙa kuɓucewa. Ku sa sabon gasket. Bawul kuma ana saita shi in inji ya huce: a tsohon samfurin GX160, na shigar iska 0.15, na fitar hayaƙi 0.20.

Gargaɗi

Kada ku tada inji sai kun cika famfon da ruwa, domin gudu a bushe yana ƙona sil ɗinsa. Kada ku kunna shi cikin ɗaki ko cikin rijiya: iskar guba da ke fitowa daga salansa ba ta da wari, kuma tana kisa. Tsohon mai kada a zubar kusa da ruwan sha.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su zaɓi matasa biyu, mace da namiji, su koyi wannan aiki, su kuma riƙe littafin rubuta awoyin aiki da ranar canza mai. Injin nan amana ce ta jama'a, har da gwauraye da marayun da ke ci daga lambun. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.