Rigar Feshi Ba A Gama Ta Da Wankin Gida

Tufafin da manomi ke aiki da su ba su rabuwa da tabo da wari. Ga taɓon fadama, ga gumi, ga jinin yanka, ga funfunar da kan kama rigar da aka jefa cikin lungu da danshinta. Duk waɗannan ƙazanta ce kawai, ba su kashe kowa, kuma akwai dabarar kowanne. Amma akwai tabo ɗaya da ya fita dabam, watau na maganin feshi, wanda kan shiga gida tare da mai shi ba a sani ba. Yanzu da wake ya fara fure, samari sun goyi famfon feshi sun bazu cikin gonaki, lokacin maganarsa ya yi.

A fara da masu sauƙin. Jini ba ya son ruwan zafi ko kaɗan, don zafi kan dafa shi cikin zare kamar yadda ya kan dafa ƙwai, daga nan kuwa fitarsa sai an sha wuya. In ya daɗe ya bushe, a jiƙa rigar cikin ruwan sanyi da ɗan gishiri ta kwana, kashegari a cuɗa da sabulu. Man ja kuwa akasin haka ne: a goga masa sabulu tun rigar tana busasshiya, a wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, sa'an nan a shanya a rana tsaka. Jan da ya saura rana ce ke cinye shi, ko da za a yi shanya biyu ko uku. Tsatsar da waya ko ƙusa ta bari, a matsa mata lemun tsami, a barbaɗa gishiri, a sa a rana, a ɗauraye. Kada a zuba mata bilic, ƙara kama ta ya kan yi. Funfuna kuma a fara busar da rigar sarai, a kakkaɓe ta a waje, ba cikin ɗaki ba, kana a wanke da ruwan zafi. Turaren wuta ba ya kashe warin funfuna, lulluɓe shi ya ke yi na yini ɗaya. In tufar rinin shuni ce, a gwada lemun a bakin lafi tukuna, kada a je gyaran tabo a koɗar da rigar.

To, sai maganin feshi. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba sai an sha shi ya ke shiga jiki ba. Ta fata ma ya kan shiga, musamman inda gumi ya jiƙa, kamar gadon baya inda famfo ke yoyo, da wuya, da cinyoyi. Rigar auduga kuwa tsotse shi ta kan yi ta riƙe. Manomin da ya yi feshi da safe, ya rataye rigar a ƙusa, gobe ya sake sa ta, to kullum ƙara wa kansa ya ke yi. Mafi muni shi ne uwargida ta kwashe ta ta gama da zanen goyo da rigunan yara cikin baho guda. Ruwan nan sai ya raba maganin ga dukkan kayan, alhali jikin yaro ba ya jure abin da na babba ke jurewa.

Maganin ƙwari ba duka iri ɗaya ba ne wajen wanki. Na gari ya fi saurin fita. Wanda ke cikin kwalba, wanda in an zuba shi a ruwa ya kan koma fari kamar nono, yana da mai a jikinsa, shi ya sa ya ke maƙale wa zare, ruwan sanyi kuwa ba ya cire shi sosai. Yawancin warin da a ke ji ma na man nan ne da aka narka maganin a ciki. Saboda haka wari yana iya gushewa guba tana nan. Hanci ba ma'auni ba ne a wannan wuri.

Ga yadda ya kamata a yi. Da an dawo daga feshi a tuɓe tun a waje, a yi wanka da sabulu, a wanke kayan ran nan, don in sun kwana biyu maganin ya ƙara kama su. A ware musu bokiti nasu wanda ba a ɗebo ruwan sha da shi, ba a kuma jiƙa hatsi a ciki. Mai wankin ya sa safar hannu ta roba, kuma kada a ba mace mai ciki ko yaro wannan aiki. In son samu ne, wanda ya yi feshin shi zai wanke abinsa. A fara tsoma kayan cikin ruwa a zubar, sa'an nan a wanke da ruwan zafi wajen digiri 60, watau wanda hannu ba ya iya zama ciki, da omo mai yawa. Kada a cusa kaya bokiti ya cika, ruwa ya fi kayan yawa. A ɗauraye sau 2, in maganin mai ƙarfi ne a sake wankin gaba ɗaya sau 2 ko 3. A shanya a rana yini guda, don rana kan karya ragowar waɗansu magunguna. Bilic ba ya kashe gubar, fari kawai ya kan sa rigar. Wata dabara mai araha ita ce a sa wa rigar sitaci bayan wanki: maganin ya kan maƙale wa sitacin, in an zo wanki na gaba su fita tare.

Ruwan wankin kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko rafi, ko inda kaji da awaki ke sha. A haƙa ɗan rami nesa da gida a zuba a rufe. Wankin kayan feshi a bakin kududdufi ko korama kuwa mugun abu ne, don kifi yana saurin mutuwa da irin waɗannan magunguna.

Akwai kayan da wanki ba ya yi musu amfani. Rigar da tsantsar magani ya zube mata daga kwalba, tun ba a sirka shi ba, ta tashi daga aiki ko da sabuwa ce. A yayyaga ta don kada wani ya tsinta ya sa, a binne nesa da ruwa, kada a ƙone, don hayaƙin ma guba ne. Haka kayan fata: takalmi, da ɗamara, da layun da a ke ɗaurawa a damtse. Fata in ta sha magani ba ta sakinsa, sai ta riƙa mayar wa mai ita da shi duk sa'ad da ya yi gumi. Don haka takalmin roba ya fi dacewa da feshi.

In kuwa wanda ya yi feshi, ko wanda ya yi wankin, ya fara ciwon kai da jiri, da gumi mai yawa, da dalalar miyau, da amai ko ƙuncin ƙirji, a cire masa tufafin nan da nan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a tsaya ba shi nono ko man ja. A kai shi asibiti maza, a tafi da kwalbar maganin, don likita ya karanta sunansa ya san abin da zai ba shi.