Me Ke Sa Kwamfutar Da Ta Daɗe A Ajiye Nauyin Jiki?

Sau da yawa ma'aikaci yakan dawo daga hutu, ko ɗalibi bayan dogon yajin aikin malamai, ya buɗe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, sai ya tarar tana tafiyar hawainiya. Nan da nan ya ce ta lalace, alhali kuwa galibi bashin aiki take biya.

Dalili shi ne, kamfanin Microsoft yakan fitar da gyare-gyaren Windows a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Kwamfutar da ta yi wata 6 cikin jaka, da zarar ta sami intanet sai ta duƙufa wajen sauko da abin da ya wuce ta, manhajar kariya kuma tana ta binciken fayiloli. Idan mai ita ya danna Ctrl, Shift da Esc tare, zai ga abin da ke cinye ƙarfinta. Maganin shi ne a jona ta da wuta, a ƙyale ta ta gama, sa'an nan a sake kunna ta.

In nauyin bai tafi ba, a duba ƙurar hunturu a fankarta, domin zafi yakan sa ta rage gudu da kanta. Amma fa in faifan ajiya yana ƙwas-ƙwas, a kwafe muhimman takardu tun kafin a nemi mai gyara.